Mai jego mai ɗauke da HIV: abin da ƙa'idar lafiya ta tanada mata

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya take fitarwa shawara ce ga ƙasashe, ba doka ce da za a kai wani kotu a kanta ba. Sai dai daga nan yawancin ma'aikatun lafiya suke ɗebo nasu tsarin, shi ya sa ya kamata mai jego ta san abin da ke ciki.

Tun 2015 ƙa'idar ita ce, duk wanda gwaji ya nuna yana da HIV a ɗora shi kan magani, ba sai garkuwar jikinsa ta yi ƙasa ba. Mai ciki ko mai shayarwa za ta ci gaba da sha har bayan yaye. In babu magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin ɗari kan ɗauki cutar daga uwa. In ana sha yadda ya kamata, adadin na iya sauka ƙasa da 5. Gwaji kuma sai da yardarta, sakamakon sirrinta ne. Ma'aikaci ba shi da hurumin tsegunta wa dangi.

Inda aka fi yin sakaci shi ne zuciyar uwar. A 2022 hukumar ta ce a duba mai jego aƙalla sau huɗu cikin mako shida na farko, kuma a tantance ko tana fama da ciwon damuwa na bayan haihuwa. Akwai takarda mai tambayoyi goma da ake amfani da ita tun 1987: tana samun barci? Tana yawan kuka? Ta taɓa tunanin cutar da kanta?

A ganina wannan ba ƙarin aiki ba ne, cikin maganin yake. Matar da ta ɓare takardar jikin kwalbar maganinta ta ɓoye kwalbar ƙarƙashin kayan jariri don kada a gani, kullum ɗaki cike da 'yan barka, ga rashin barci, ga tsoron tsangwama, da wuya ta sha ƙwaya a kan lokaci. Tsallake sha kuwa yana ƙara yawan ƙwayar cutar a jini alhali tana shayarwa.

Gwajin HIV na farko na jariri yakan faɗo ne tsakanin mako huɗu zuwa shida. Ranar da aka soki dunduniyarsa aka ɗiga jini a kati, uwar tana da damar cewa: "Sista, ni ma a tambaye ni yadda nake."