Shin saƙonnin waya ne suka lalata rubutun ɗaliban jami'a?

An daɗe ana ɗora wa saƙonnin waya laifin raunin rubutun ɗaliban jami'a, wai wanda ya saba gutsure kalmomi a WhatsApp ba zai iya rubuta cikakkiyar jimla a jarrabawa ba. Wannan zargi ba shi da tushe mai ƙarfi. Taƙaita kalmomi ya girmi wayar hannu, domin masu aika saƙon tangarahu sun yi hakan tun da can saboda kowace kalma kuɗi ce, sannan iyakar haruffa 160 ta saƙon tes ta farfaɗo da al'adar. Masanin harshe David Crystal ya bayyana a littafinsa na 2008 cewa sai wanda ya san rubutun kalma ne yake iya taƙaita ta.

Ɗalibin da ya gutsure saƙo ga abokinsa da safe, shi ne da rana yake rubuta wa malaminsa wasiƙa cikin ladabi, domin ya san kowane zance da muhallinsa. Raunin da ya fi damuna yana wajen gina hujja, wanda karatu mai zurfi ne ke koyar da shi, kuma a nan waya take cutarwa, idan ƙararta tana katse ɗalibi kafin ya kammala shafi guda.