Shan Wahala Ba Alamar Raunin Bangaskiya Ba Ne

An daɗe ana ɗauka cewa wanda ya dogara ga Allah da gaske, cuta da rashi ba za su taɓa shi ba, idan kuwa suka same shi, to akwai zunubin da yake ɓoyewa. Wannan fahimta ta saɓa wa Littafi Mai Tsarki, kuma abin takaici ne yadda take ɗora wa mai baƙin ciki zargi a kan raɗaɗin da yake ciki.

Haka abokan Ayuba uku suka yi zato, amma a ƙarshe su Allah ya tsauta wa. Manzo Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, wato wata wahala da ke damunsa, ba a cire ba, sai aka shaida masa cewa alherin Ubangiji ya ishe shi.

A Daniyel sura 3, Shadrak da Meshak da Abednego sun gaya wa sarki Nebukadnezzar cewa Allah yana da ikon cetonsu, amma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin da sarkin ya kafa sujada ba. Allah bai hana sarkin ya sa a jefa su cikin wuta ba, a tsakiyarta ya kiyaye su.