Kibod ɗin da babu lambobi a jikinsa: me ake yi da shi?

Jefi-jefi akan ga matashi mai rubuta manhaja a Bauchi, ko ɗalibin kwamfuta a ATBU, ya zaro wani ɗan kibod daga jaka wanda tsawonsa kusan rabin na ofis ne. Babu layin lambobi a sama, babu kibiyoyi, wani ma ko haruffa ba a rubuta a kan maɓallansa ba. Duk wanda ya gani sai ya tambaya. Ga tambayoyin da suka fi yawa, da amsoshinsu.

Mene ne bambancinsa da kibod ɗin da za ka saya a kasuwar Wunti?

Idan ka kwance kibod na yau da kullum, za ka tarar da shimfiɗar roba guda ɗaya mai ƙananan tuddai, tudu ɗaya a ƙarƙashin kowane maɓalli, sannan a ƙasanta akwai siraran ledoji masu zanen hanyoyin lantarki. Sai ka danna maɓalli har ƙasa kafin ledojin su haɗu harafi ya fito. Shi ya sa in ya tsufa yake yin lagwaf-lagwaf, kuma in harafi ɗaya ya mutu, yawanci kibod ɗin ne gaba ɗaya ya tafi.

Wanda muke magana a kansa kowane maɓalli da makunninsa: ɗan akwatin roba ne, a ciki akwai sifirin, da 'yan ƙarafa biyu da ke haɗuwa, da wani ɗan tsinke mai kai kamar alamar tarawa inda ake ɗora hular maɓallin. Mafi shahara shi ne samfurin Cherry MX na wani kamfanin Jamus, wanda ya fito tun shekarun 1980. Maɓallin yana nutsewa milimita 4, amma a wajen milimita 2 harafin ya riga ya fita, saboda haka ba sai ka buga da ƙarfi ba. Da launin tsinken ake bambanta makunnan: ja yana sauka sumul, ruwan ƙasa yana da ɗan tudu da yatsa ke ji, shuɗi kuwa yana ƙara ƙyas-ƙyas. Bayan kariyar mallakar Cherry ta ƙare, kamfanonin Sin irin su Gateron da Kailh suka cika kasuwa da irinsa, farashi ya sauko, masu haɗa nasu a gida suka yawaita.

Me ake nufi da 60% ko 40%?

Kwatancen girma ne da cikakken kibod, ba lissafi ne daidai-wa-daida ba. Cikakke yana da maɓallai 104 a tsarin Amurka, 105 a na Turai. In aka yanke ɓangaren lambobi na dama, saura 87. Mai 75% ya matse komai wuri guda amma ya bar layin F1 zuwa F12. Mai 65% ya zubar da wannan layin ya riƙe kibiyoyi. Mai 60% maɓallai 61 ne, babu kibiyoyi. Mai 40% har layin lambobin sama ya cire. Misalinsa da aka fi sani shi ne Planck na Jack Humbert: layi 4, kowane layi gurbi 12, maɓallai 47 ko 48. Da yake tazarar maɓalli zuwa maɓalli milimita 19.05 ce, faɗinsa bai wuce santimita 23 da 'yan kai ba.

To maɓallan da aka cire, ina suka tafi?

Suna nan, an dai ɗora su ne a kan 'yan'uwansu. Kowa ya san wannan dabarar ko da bai lura ba: maɓallin da ke ba ka 1 shi ne ke ba ka alamar motsin rai in ka riƙe Shift. Masu laftof ma suna riƙe Fn su ƙara haske ko murya. Abin da ƙaramin kibod ya yi shi ne ya ƙara yawan irin waɗannan maɓallan riƙewa. Kamar gidan bene ne a kan ɗan ƙaramin fili: haruffa a ƙasa, lambobi a hawa na biyu, alamomi a na uku.

A Planck akwai maɓallai biyu a gefe da gefen Space, ɗaya Lower ɗaya Raise, duka a ƙarƙashin manyan yatsu. Kana son rubuta 2024, sai babban yatsan dama ya danne Raise, layin da Q, W, E, R suke ya koma 1, 2, 3, 4, ka buga, ka saki, haruffa su dawo. In Lower ka riƙe, wannan layin dai ya koma alamomi irin su @ da #. Hannu bai motsa daga mazauninsa ba.

Akwai kuma dabarar maɓalli mai aiki biyu: in ka taɓa shi ka saki, abu ɗaya, in ka riƙe, wani abu daban. Mutane da yawa suna mayar da Caps Lock haka, taɓawa ta zama Esc, riƙewa ta zama Ctrl. Masu zurfafawa har a kan A, S, D, F suke ɗora Shift da Ctrl da Alt, kodayake wannan yana da nasa ciwon kai, don in kana sauri kibod yakan ɗauka riƙewa ka yi alhali taɓawa ce.

Duk wannan yana yiwuwa ne saboda manhajar da ke zaune cikin kibod ɗin kansa. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce QMK, kyauta ce, kowa na iya gyara ta. VIA da Vial suna ba ka damar canza aikin maɓalli da linzami ba tare da rubuta komai ba, ZMK kuma ta marasa waya ce. Tsarin da ka yi yana cikin kibod ɗin, duk kwamfutar da ka jona shi zai tafi da shi.

Me zai sa mutum ya ɗora wa kansa wannan wahala?

Dalili na farko mai ƙarfi ne: in babu ɓangaren lambobi, linzami yana matsowa kusa, kafaɗar dama ba ta wuni a buɗe. Na biyu, yana shiga jaka tare da laftof. Na uku, a cikakken kibod manyan yatsu biyu, waɗanda suka fi kowane ƙarfi, maɓalli ɗaya tal suke dannawa, ƙaramin yatsa kuma shi ke ta miƙewa zuwa Shift da Enter da Backspace. Ƙananan kibod suna juya wannan rabon aikin.

Tunanin ba sabo ba ne. Tun 1996 kamfanin PFU na Japan, tare da Farfesa Eiiti Wada, ya fitar da Happy Hacking Keyboard mai maɓallai 60, ya sa Ctrl a gurbin Caps Lock saboda masu rubuta manhaja.

Amma kada a yaudare ka da zancen sauri. Ƙanƙantar kibod ba ta ƙara wa kowa saurin bugu. A makonnin farko ma raguwa za ka yi. Kuma gaskiya rabin masu sayensa sha'awa ce kawai, irin ta masu kiwon tattabaru, ba laifi ba ne in aljihu ya ɗauka.

Na ga wasu maɓallansu a miƙe reras, wasu kuma an raba su gida biyu.

Karkacewar da ke tsakanin layukan kibod gado ce daga tafireta. A na'urar da Christopher Sholes ya ƙera, wadda Remington ya fara sayarwa a 1874, kowane maɓalli da sandar ƙarfe a ƙarƙashinsa, dole aka goce layukan don sandunan su wuce juna. Sanduna sun tafi, gocewar ta zauna. Planck ya miƙar da layukan. Corne, wanda wani ɗan Japan ya zana, ya rabu biyu da maɓallai 42, kuma an ɗaga ginshiƙin yatsan tsakiya sama an sauko da na ƙaramin yatsa, daidai da tsawon yatsu. Mai rabe biyu yana barin hannaye su zauna daidai faɗin kafaɗa, wuyan hannu bai lanƙwashe ba. Wanda hannunsa ke ciwo sosai dai likita zai gani, kibod ba magani ba ne.

Yana da wani amfani ga mai rubuta Hausa?

A ganina nan ne amfaninsa na gaske yake, kuma bai da alaƙa da ƙanƙanta. A wayar da aka sa wa kibod ɗin Hausa, riƙe k ko d ko b kaɗan ya isa ƙ, ɗ, ɓ su bayyana. A kwamfuta kuwa da yawan marubuta da ɗaliban sashen Hausa sun haƙura, suna rubutu ba ƙugiya, ko su riƙa kwafo harafin daga wani wuri suna liƙawa. Da kibod mai karɓar tsari, sai ka ware hawa guda na Hausa: babban yatsa ya riƙe maɓalli ɗaya, k ta ba da ƙ, d ta ba da ɗ, b ta ba da ɓ, n kuma ta ba da alamar naira.

Sai dai akwai abin da ya kamata a sani. Kibod ba harafi yake aika wa kwamfuta ba, lambar gurbin maɓalli yake aikawa, kwamfutar ce ke fassara ta. Saboda haka dole ɓangarorin biyu su fahimci juna. Hanya ɗaya ita ce ka kunna tsarin Hausa da ke cikin Windows, ko ka sa manhajar Keyman, sannan ka koya wa kibod ya riƙa aika haɗin maɓallan da wannan tsarin ke jira. Ɗaya hanyar ita ce QMK ta buga lambar Unicode ta harafin da kanta, wato lambar da aka ware wa kowane harafi a kwamfuta, misali 0199 ga ƙ, 0257 ga ɗ, 0253 ga ɓ. A Linux wannan yana tafiya kai tsaye a yawancin lokuta, a Mac sai an kunna shigar da Unicode, a Windows kuma ana sa wata 'yar manhaja mai suna WinCompose. Wato in ka kai kibod ɗinka kwamfutar wani, haruffan Turanci za su fito lafiya, masu ƙugiya ba lalle ba.

Abubuwa biyu kuma. Wasu masu 40% sun tura alamar ɗauri ta sama zuwa wani hawa, don a Turanci ba ta da yawa. Mu kuwa da jama'a, sana'a, ma'aikaci, 'ya'ya, a kowane layi sai ta fito, don haka ka dawo da ita ƙasa tun ranar farko. Sannan kada ka ce za ka cire Q, V da X tunda babu su a abacadan Hausa: Ctrl da V ne liƙawa, Ctrl da X yankewa, ga adireshin imel da Turancin da ba ka rabuwa da shi.

In na bar QWERTY na koma Dvorak ko Colemak fa?

QWERTY shi ne jerin haruffan da ke kan kibod na kowa da kowa. Dvorak na 1936 da Colemak na 2006 wasu jere ne daban, kuma duk don Turanci aka auna su. Harafin da ya fi kowane yawa a Hausa shi ne a, kuma dukansu biyu sun bar shi inda QWERTY ya ajiye shi, ƙarƙashin ƙaramin yatsan hagu. Mai rubuta Hausa zai sha wahalar sabon koyo, babbar matsalarsa kuma tana nan. Ban ba da shawara ba.

Wa bai kamata ya saya ba?

Mai shagon buga takardu a Yelwa ko Gwallameji, wanda ke wuni kan furojet ɗin ɗalibai da jadawalin sakamako. Akanta da duk wanda Excel ne abincinsa. Waɗannan ɓangaren lambobi na dama shi ne jarinsu. Haka kwamfutar da mutane da yawa ke amfani da ita, don baƙo ba zai san inda ka ɓoye Delete ba. Ɗalibin da ke shirin JAMB ma ya saba hannunsa da kibod na kowa da kowa, shi zai tarar a zauren jarrabawa.

Ana iya haɗa shi a nan Bauchi?

Haɗawa ba wuya, samun kayan ne aiki, don kusan duka sai an yi oda daga waje. Ana buƙatar fanel, wato allon lantarkin da makunnai ke hawa, da farantin da ke riƙe makunnai, da gida, da makunnan, da huluna, da 'yan sandunan da ke hana dogayen maɓallai kamar Space karkacewa. In fanel ɗin mai soket ne, da hannu za ka cusa makunnai, ka dai duba ƙafafunsu biyu na ƙarfe a miƙe suke kafin ka danna, don in ɗaya ta lanƙwashe maɓallin ba zai yi ba. In na dalma ne, kowane makunni ɗigo biyu. Duk mai gyaran waya da ya iya canza bakin caji wannan wasa ne a wurinsa.

Hattara da huluna: ƙananan kibod suna da maɓallai masu faɗin da ba a saba ba, kuma saitin huluna na gama-gari ba lalle ya rufe su duka ba. Robar PBT ta fi ABS jure gumi, ba ta saurin yin sheƙi. Akwai kuma sayen haɗaka, inda ake biyan kuɗi tun kafin a ƙera kayan a jira watanni, wani lokaci fiye da shekara. Da yadda dala ke hawa da sauka, da kuɗin jigila da na kwastan, wannan ba na mai farawa ba ne.

Ƙurar hunturu ba za ta kashe shi ba?

Tana shiga, musamman da yake yawancinsu makunnan a fili suke. Alamar ita ce harafi ya riƙa fitowa sau biyu ko ya ƙi fitowa. A rufe shi da ƙyalle in an tashi, a cire huluna lokaci-lokaci a share da busasshen burushi, kada a zuba ruwa. Akwai makunnai masu ɗan bango kewaye da tsinken, irin Kailh Box, waɗanda aka yi don rage shigar ƙura. In ɗaya ya lalace a fanel mai soket, shi kaɗai za a zare a sa wani.

Da wanne zan fara?

Da mai 65%, mai soket. Kibiyoyi da lambobi suna nan, abin da ka rasa kaɗan ne, kuma za ka koyi aiki da hawa a hankali. Kafin ka biya, ka tabbata an rubuta QMK ko VIA a bayaninsa. Keychron, alal misali, yana da irinsu. Da yawa daga cikin masu araha ƙanana ne kawai, maɓallin Fn ɗinsu a kulle yake yadda kamfani ya tsara, ba za ka iya ɗora ƙ ko ɗ a kansa ba. In ɗaki ɗaya kuke kwana da wasu a hostel, ka ɗauki makunni ja ko ruwan ƙasa, ka bar shuɗin.