Saibafank

Saibafank reshe ne na ƙagaggun labaran kimiyya da ya bunƙasa a Amurka a farkon shekarun 1980. Labaransa kan faru a wani zamani mai zuwa, ba mai nisa ba, inda fasaha ta kai matuƙa amma talaka ya ƙara shiga uku. Manyan kamfanoni sun fi gwamnati ƙarfi, birane sun cika maƙil, ana dasa wa mutane na'urori a jiki, wani har a ƙwaƙwalwa. Jarumin labarin yawanci ɗan kutsen kwamfuta ne mai neman na tuwo, wanda ke satar bayanai ya sayar wa mai rabo.

Sunan ya samo asali ne daga wani gajeren labari na Bruce Bethke da aka buga a 1983, amma littafin Neuromancer na William Gibson, na 1984, shi ya kafa wa salon ginshiƙi, har ya lashe Hugo da Nebula, manyan kyaututtukan ƙagaggun labaran kimiyya. Da tafireta Gibson ya rubuta shi, tun intanet bai shiga gidajen jama'a ba. Fim ɗin Blade Runner na 1982 kuwa shi ya ba salon kamanninsa: dare, ruwan sama, fitilun talla suna haska lunguna masu datti. Daga baya Japan ta ɗauka da zane-zanenta masu motsi.

Masu ɗaukar waɗannan labarai a matsayin tsoron mutum-mutumi sun yi musu gajeren karatu. Tambayar da labaran ke yi ita ce: wa ke riƙe da maɓallin fasahar, kuma wa zai sha wuya in an kashe ta?

Mutanen Katsina sun ɗanɗana. A Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Jibiya, Batsari, Faskari da Funtuwa, domin yaƙi da 'yan bindiga. Ɗan kasuwa sai ya yi tafiya zuwa inda ake samun sabis kafin ya ji ko kayansa sun iso, uwa kuma ta kwana ba ta ji muryar ɗanta da ke ci-rani ba. A farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, mutum na da kuɗi a banki amma yana tsaye a rumfar mai POS, ana cewa taransifa ba ta shiga ba, ga cefane na jira. Ga kuma manhajojin bashi, masu kwashe lambobin wayar mutum su tura wa surukansa saƙon tozarci. Wannan zalunci ne tsagwaronsa, kuma irinsa marubutan suka hango.

Bayanan mutum ma suna hannun wasu: tun 2014 ake haɗa asusun banki da zanen yatsa ta lambar BVN, daga ƙarshen 2020 kuma aka wajabta haɗa layin waya da NIN. A Yunin 2023 Najeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ba mutum haƙƙin sanin abin da kamfani ya tara a kansa, da neman a gyara ko a goge.