Me Ake Nufi da "Kwaɗon Kuskus Irin na Maroko"?

Kuskus ba ƙwayar hatsi ba ce da ake girbewa a gona kamar gero ko acca, ko da yake ganinsa a faranti yakan sa a zaci haka. Tsakin alkama mai tauri ne da ake yayyafa wa ruwa, a murza shi da tafin hannu har ya dunƙule ƙanana-ƙanana, a tankaɗe, sannan a turara shi sau biyu ko uku a tukunya mai huji wadda ba ta da maraba da madambacinmu. Sunan ya fito ne daga harshen Amazig na Arewacin Afirka, inda ake cewa seksu, kuma a shekarar 2020 hukumar UNESCO mai kula da ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya sarrafa shi cikin al'adun gado na duniya, bisa buƙatar Aljeriya da Maroko da Tunisiya da Muritaniya.

A Maroko da zafinsa ake cin kuskus, galibi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a tara shi a babban akushi, a ɗora nama da kayan lambu irin su kabewa da karas, iyali su kewaye shi. Wani gidan kuma yakan ƙara tafaya, wato albasa da zabibi da aka dafa da kirfa har suka yi zaƙi.

Kwaɗon da ake yawan gani da sunan Maroko kuwa sanyi ake cinsa, kuma a Turai da Amurka ya fi karɓuwa. Ana jiƙa kuskus na kwali da ruwan zafi na 'yan mintuna, a warware shi da cokali mai yatsu, a haɗa da tumatir da kokwamba da 'ya'yan zaitun da na'a-na'a, a kwaɗa da man zaitun da ruwan lemun tsami. Waɗannan kayan na ƙasashen gaɓar Bahar Rum ne baki ɗaya. Abin da ke ba shi ɗanɗanon Maroko shi ne zabibi, da lemun da aka adana cikin gishiri, da haɗin kayan ƙamshin da ake kira rasul hanut. Faransawa kan kira irinsa tabule, sai dai a ganina sunan aro ne, domin tabulen Lebanon da fasasshiyar alkama ake yinsa, kuma ganye ya fi hatsi yawa a cikinsa.