Izinin tafiya na lantarki

Izinin tafiya na lantarki takardar amincewa ce da wasu ƙasashe ke buƙata daga baƙin da aka ɗauke wa neman biza. Matafiyi yana cike bayanansa ta intanet ko ta manhajar waya kafin ya bar gida, ya biya kuɗi kaɗan, kwamfuta ta tantance shi, sannan a haɗa amincewar da lambar fasfonsa. Ba a manna komai a fasfo, ba a zuwa ofishin jakadanci, ba a ganawa da kowa. Sau da yawa amsa kan fito cikin mintuna, amma hukumomi na ba da shawarar a nema da kwana uku kafin tafiya.

Amfaninsa ga gwamnati shi ne sanin mai zuwa tun bai taso ba. A da, wanda ba ya buƙatar biza sai ya sauka a filin jirgi jami'an shige da fice ke fara ganin sunansa, idan kuma aka hana shi shiga, sai an yi ɗawainiyar tsare shi da mayar da shi. Yanzu kamfanin jirgi ne ke dubawa a wurin awon kaya, wanda ba shi da izinin ba zai hau ba, domin kamfanin da ya ɗauko fasinja ba cikakkun takardu yana iya shan tara. Samun izinin kuma bai ba da tabbacin shiga ba, jami'in kan iyaka ne ke da maganar ƙarshe.

Tarihi

Ostareliya ce ta fara, a 1996. Amma tsarin Amurka mai suna ESTA ne ya zama abin koyi. Ya samo asali daga dokar 2007 wadda ta aiwatar da shawarwarin kwamitin binciken harin 11 ga Satumba 2001, ya kuma zama dole a ranar 12 ga Janairu 2009 ga 'yan ƙasashen da ke cikin shirin ɗauke biza na Amurka. Da farko kyauta ne. A 2010 aka sa masa dala 14, a 2022 ya koma dala 21, a ƙarshen Satumba 2025 ya kai dala 40. Yana aiki shekara biyu ko har fasfo ya ƙare, kuma kowane zuwa ba ya wuce kwana 90.

Kanada ta tilasta nata a 2016, kan dalar Kanada 7, na shekara biyar, ga masu shigowa ta jirgin sama. Niyu Zilan ta biyo baya a Oktoban 2019, Koriya ta Kudu a 2021. Birtaniya ta bi abin daki-daki: ta fara da 'yan Katar a ƙarshen 2023, ta ƙara sauran ƙasashen yankin Gulf a 2024, ta haɗa da Amurkawa da 'yan Kanada da Ostareliya a Janairun 2025, sannan Turawa daga 2 ga Afrilu 2025. A cikin watan ne kuɗin ya tashi daga fam 10 zuwa 16. 'Yan Ayalan ba sa buƙatarsa.

Tarayyar Turai ta kafa dokar nata tsarin, ETIAS, tun 2018, domin ƙasashe 30, amma an sha ɗage ranar farawa saboda jinkirin na'urorin ɗaukar hoton fuska da zanen yatsa a kan iyakoki, waɗanda sai Oktoban 2025 suka soma aiki. Tun kafin a sayar da izini ko ɗaya aka ɗaga farashin da aka tsara daga yuro 7 zuwa 20.

Abin da ake tambaya, da wanda ake hanawa

Ana neman bayanan fasfo, adireshi, wani lokaci aikin yi, sai tambayoyi kan hukuncin kotu, korar da aka taɓa yi wa mutum daga wata ƙasa, da alaƙa da ta'addanci. Ana gwada amsoshin da rumbunan bayanan tsaro, har da jerin fasfon da suka ɓace ko aka sace wanda hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa ta Interpol ke riƙewa. Wanda aka ƙi, yawanci hanyar da ta rage masa ita ce neman biza ta ofishin jakadanci.

Mai fasfon Najeriya ko Nijar ba ya cikin masu neman ESTA ko ETIAS, biza yake buƙata. Inda abin ke shafar Hausawa shi ne mazauna ƙetare masu fasfo biyu. A ƙarƙashin dokar Amurka ta 2015, wanda ya je Sudan, Iraƙi, Iran ko Siriya daga 1 ga Maris 2011 ba ya cancantar ESTA, daga baya aka ƙara Libiya, Somaliya da Yaman. Saboda haka ɗan Birtaniya da ya kai ziyarar dangi Khartoum sai ya bi layin biza idan zai je Amurka.

Suka

Gwamnatoci suna nanata cewa wannan ba biza ba ce, a shari'ance kuwa haka ne. Ga matafiyi bambancin bai taka kara ya karya ba: ana cike takarda, ana biya, ana jira, ana iya ƙi. Kenya ta nuna hakan ƙarara. A Disamban 2023 Shugaba William Ruto ya sanar da soke biza ga kowa, aka maye gurbinta da izinin lantarki daga Janairun 2024 kan kusan dala 30. Sai ga 'yan ƙasashen Afirka da dama, waɗanda a da suke shiga kyauta, an wayi gari suna biya. Bayan ƙorafi ya yi yawa, a 2025 gwamnati ta ɗauke wa 'yan Afirka wannan sharaɗi, ban da Somaliya da Libiya.

Akwai kuma 'yan tsakiya da ke buɗe shafuka masu kama da na gwamnati, su cike wa mutum takardar su karɓi ninkin kuɗin, wasu ma su kwashe bayanan katin banki. Hukumomin Amurka, Birtaniya da Tarayyar Turai duk sun yi gargaɗi a kansu, suna jaddada cewa a shafin gwamnati ko manhajarta kaɗai ake samun ainihin farashin.