Murjanin tankinka ya canza kala? Karanta wannan kafin ka sake tambaya

Tambayoyin nan su ne dai masu kiwon murjani mai rai, wato halittar nan ta teku, a tankin ruwan gishiri suke maimaitawa kullum, ga amsoshinsu wuri ɗaya.

Murjanina ba shi da lafiya, wane magani zan zuba a tanki?

Babu ko ɗaya. Ajiye kwalbar nan, ka kawo lambobin ruwanka tukuna. "Ruwana lafiya lau yake" ba lamba ba ce.

Waɗanne lambobi?

Zafin ruwa digiri 25 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyas. Gishiri 35 ppt (kashi 35 cikin dubu), wato 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa. Alkaliniti, wato ƙarfin ruwan na jure tsami, wajen 8 zuwa 9 a ma'aunin dKH, kalsiyam 400 zuwa 450 ppm (kashi cikin miliyan), magnesiyam 1250 zuwa 1350. Amoniya sifili. Naitret 1 zuwa 10 ppm, fosfet 0.03 zuwa 0.1. Lambar yau kaɗai kuma ba ta isa ba, sai an haɗa da ta makon jiya. Tankin da ya zauna a 7.5 dKH wata da watanni ya fi lafiya nesa ba kusa ba a kan wanda yau yana 7 gobe yana 10. Na'urar auna gishirinka ma abar zargi ce: daidaita ta da ruwan gwaji na 35 ppt kafin ka gaskata ta.

Ya yi fari fat. Ya mutu ke nan?

Ba lallai ba ne. Ɗauki tocila ka duba da kyau. Idan akwai siririn nama garai-garai a kan ƙashin, ƙananan bakunansa suna ɗan leƙowa, to yana da rai. Ya dai kori ƙwayoyin gansakukar da ke zaune cikin namansa ne, waɗanda suke ba shi launi da mafi yawan abincinsa. Zafi ko hasken da ya yi yawa ne ke jawo haka galibi. Rage fitila da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, ko ka sauko da shi ƙasa, ka riƙa ɗan ba shi abinci, ka jira. Launi yana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni. Idan kuwa ƙashi ne tsirara mai kaushi, gansakuka ta fara hawansa cikin 'yan kwanaki, wannan wurin ya riga ya tafi.

Sarcophyton ɗina (murjani mai laushi kamar fata) ya rufe kwana 4, yana fitar da wani yauƙi.

Saɓa yake yi, haka suke. Ƙara masa motsin ruwa ka ƙyale shi.

Zan iya zuba maganin kifi?

Kada ka kuskura. Da yawa daga magungunan kifi akwai jan ƙarfe a ciki, shi kuwa jan ƙarfe kaɗan ya isa ya kashe murjani da jatan lande da katantanwa, kuma duwatsu suna shanye shi su riƙa sako shi daga baya. Kifin da ba shi da lafiya a tanki daban ake jinyarsa.

Naman Acropora ɗina (murjani mai ƙashi da rassa) yana saɓulewa daga gindi. In yanke, in tsoma shi a magani, ko in bar shi?

Wannan ita ce tambayar da ke da wuya, kuma duk wanda ya ba ka amsa ɗaya tak bai tambaye ka abin da ya kamata ba. Abu na farko shi ne sauri. Ɗauki hoto yanzu, ka sake ɗauka bayan awa 2 daga wuri ɗaya. Idan farin layin da ke tsakanin nama da ƙashi tsirara ya matsa, nama yana tashi ɓalli-ɓalli cikin ruwa, wannan shi ne RTN, wato mutuwar nama cikin sauri, kuma yana iya cinye murjanin gaba ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu. A nan babu jira. Fitar da shi, ka yanke rassan da ke da lafiya, aƙalla santimita 1 sama da inda cutar ta kai, domin naman da ke dab da layin yakan riga ya kamu ko da ido bai gani ba. Yanki reshe 3 ko 4, ka manna kowanne da sufa gulu mai kauri a kan ɗan dutsensa, ka rarraba su wurare daban. Ragowar ka jefar. Ko da ka yi komai daidai, wasu ko duka suna iya bin sahu, kada ka ɗauka kai ka yi kuskure.

Idan kuwa layin yana tafiya a hankali ne, 'yan milimita a mako, wannan STN ne, wato mutuwar nama a hankali, kuma yanka ba shi ne na farko ba. Irin wannan yawanci alama ce ta wata matsala da ke cikin tankin, kuma in ka yanke ba ka gano ta ba, yankakkun rassan ma daga gindi za su fara. Tambayi kanka abin da ya canza cikin makonni 2 zuwa 3 da suka wuce, don murjani yakan nuna ciwo bayan abin ya daɗe da faruwa. Alkaliniti ya yi tsalle? Ka sa sabon maganin cire fosfet har ta faɗi sifili? Famfon da ke kaɗa ruwa ya raunana? Murjanin ya girma har rassansa sun yi wa gindinsa inuwa? Wannan na ƙarshen ma ba cuta ba ce, in dai ya tsaya a inda haske ba ya kaiwa.

Sannan sai ƙwari. Tsutsar nan mai faɗi da ke cin Acropora launinta ya saje da na murjanin, da wuya ka gan ta. Abin da za ka gani shi ne ƙananan tabo farare zagaye-zagaye, da tarin ƙwai masu ruwan ƙasa a kan ƙashin gindi. In ka ga haka, tsomawa ce mafita. In ba ka ga ƙwari ba, lambobi kuma sun yi kyau, sa sabon gawayin tace ruwa, ka canza kashi 10 zuwa 20 na ruwan da wanda zafinsa da gishirinsa suka yi daidai da na tanki, ka duba ko wani maganaɗisu ko ƙusa ya yi tsatsa, ka aika ruwa gwajin ICP, wato gwajin ɗakin bincike da ke auna sinadaran da ke cikinsa. Wasu suna shafa gam a kan layin don tsayar da shi. Wani lokaci yana yi, wani lokaci cutar ta ɓullo ta bayansa. Ni dai shawarata, in layin ya kai rabin murjanin kuma bai tsaya ba, yanke reshe biyu ka ajiye, ka ci gaba da binciken.

Yaya ake tsomawar?

Roba biyu, duka da ruwan tankinka. A ta farko ka zuba magani irin su Coral Rx ko ReVive daidai yadda aka rubuta a jikin kwalba, ban ce ka ƙara don ya fi ƙarfi ba. Minti 5 zuwa 10, kana fesa masa ruwan da sirinji don ƙwarin su zubo. Ɗauraye a ta biyu, ka zubar da ruwan duka biyun. Maganin ba ya kashe ƙwai, sai ka kankare su ko ka yanke gindin, ka maimaita tsomawar duk mako har makonni 4 zuwa 6. Yawancin masu cewa maganin bai yi aiki ba sau ɗaya suka tsoma.

Akwai wani abu mai yauƙi ruwan ƙasa a kan Euphyllia ɗina (murjani mai ƙashi da manyan kawuna masu nama), yana wari.

Wannan kam tashi tsaye, yana yaɗuwa. Kashe famfuna tukuna don kada ya watsu, ka zuƙe shi da siririn tiyo zuwa waje, sannan ka fitar da murjanin. Yanke kan da ya kamu ka jefar, ka tsoma sauran a ruwan aidin na Lugol bisa ƙa'idar kwalbar, ka keɓe su. Kada ka hure shi a cikin tanki.

Gefe ɗaya kawai ya ƙone.

Dubi maƙwabcinsa. Murjanin Galaxea da ire-irensa suna miƙo dogayen hannuwa masu harbi da dare. Raba su.

Alkaliniti ɗina ya faɗi zuwa 6, in mayar da shi 9 yau?

A'a. Kada ka wuce 1 dKH a rana, rabin haka ma ya fi. Gyaran gaggawa ya kashe murjani fiye da lambar da ake ƙoƙarin gyarawa. Kuma ka daina canza abu biyar rana ɗaya, fitila da gishiri da abinci da wurin zama, sannan ka dawo kana tambayar wanne ne ya yi aiki.

Dole ne sai na sa safar hannu?

Dole ne, da tabarau. Wasu Palythoa da Zoanthus, dangin murjani masu kama da ƙananan furanni, suna ɗauke da dafin palitoksin, wanda ke shiga ta rauni ko ido ko numfashi, yana kuma kwantar da mutum a asibiti. Kada ka tafasa dutsen da suke kai, kada ka goge shi da burushi a bushe. In ka taɓa su ka ji zazzaɓi ko numfashinka yana sarƙewa, tafi asibiti nan take ka faɗa musu abin da ka taɓa.